Daga Laya zuwa Robar Haƙori: Tarihin Kayan Kariyar Ƴan Wasa

Idan kaka ta yi a ƙasar Gure, aka kai gero rumbu, sai ganguna su kira samari zuwa dandalin kokowa. Tun zamanin kakanni ɗan kokowa kan fito da walkin fata, da guru a ƙugu, da kambu a damtse, da layun da malami ya rubuta, baduku ya ɗinke. Waɗannan su ne kayan kariyarsa na asali, domin ya fi tsoron sammu da kambun baka bisa ga targaɗe.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan kokowa ta samu fili mai taushin rairayi, da alƙalan wasa, da ƙayyadadden lokaci, da ma'aikatan lafiya a gefe. Walki da layu suna nan har yau, kamar yadda ake gani a filin Langa-Langa na Damagaram, amma tsaron lafiyar ɗan wasa ya koma hannun doka.

Akwai wani wasan ƙarfi da ya bi irin wannan hanya a Turai, wato ƙwallon zari-ruga, wanda ake kira rugbi. Ya samo sunansa daga makarantar garin Rugby a Ingila, kuma kamar kokowa, kama mutum ake a kai shi ƙasa. Ƴan wasan farko ba su da komai sai riga mai kauri da takalmi. Da aka kafa hukumar wasan ta Ingila a 1871, dokokinta na farko sun haramta shurin ƙwauri. Ke nan a can ma doka ce ta fara ba da kariya.

Daga baya aka fito da hula mai laushi, don kada kunnuwa su yage wajen turereniya. A 1995 rugbi ya zama sana'ar da ake biya, ƴan wasa suka ƙara nauyi da gudu, karo ya tsananta, rigar kafaɗa mai soso ta yaɗu. Sai dai hukumar wasan ta duniya ta iyakance kaurin soson ga santimita 1, don kada abin kariya ya zama makami. A ƙasar Niyu Zilan an wajabta robar haƙori ga matasa a 1997, sannan ga dukan ƴan wasan cikin gida a 1998; tsakanin 1995 da 2003 neman diyyar raunin haƙori ya ragu da kashi 43 cikin 100. Tun 2024 kuwa, a manyan gasanni, robar na ɗauke da ƴar na'ura mai auna ƙarfin karo, wadda ke sanar da likita ya fitar da ɗan wasa a duba shi.

Duk da haka, bincike ya nuna hular na hana yankewar fata, amma ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa aka tsananta horo kan mai kama abokin karawa a wuya ko a kai.

Malamai da ƙungiyoyin da ke shirya kokowar yara a makarantu da unguwanni na iya cin moriyar wannan tarihi. Su bar wa yaro walkinsa, domin gadonsa ne. Amma su tsince duwatsun fili, su haɗa tsara da tsara, kuma duk yaron da kansa ya bugi ƙasa har ya ga jiri, a fitar da shi a kai shi likita, ko da makaɗa na kiran sunansa. Rigakafi ya fi magani.