Kushewun Durɓi Ta Kusheyi da Tambayar Wanda Zai Ɗauki Nauyin Tsaronsu

A ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai wasu manyan tsibin ƙasa da ake kira Durɓi Ta Kusheyi. Tarihin baka ya nuna cewa kushewu ne na Durɓawa, wato zuriyar Kumayau, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin Korau ya kashe Sanau ya karɓe sarauta. Sunan bai ɓace ba, domin sarautar Durɓi tana nan a masarautar Katsina, kuma Durɓi shi ne hakimin Mani.

Sau biyu aka yi haƙa mai muhimmanci a wurin. Na farko a 1907 ne, lokacin da Bature H. R. Palmer ya tone wasu daga cikin tsibin a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Kayan da ya samu sun salwanta. Na biyu kuwa a 1992 ne, a ƙarƙashin Bajamushe Gerhard Liesegang tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. An buɗe kushewu uku, aka sami 'yan kunne na zinariya, da warwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da wata tasa ta ƙarfe aikin ƙasashen Musulmi na gabas. Awon masana ya kai wasu daga cikinsu wajen ƙarni na 14, abin da ke tabbatar da cewa tun a wancan zamani fatauci ya haɗa wannan yanki da ƙetaren Sahara. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus don a gyara su, aka baje kolinsu a can a 2011.

Abin lura a nan shi ne, duka haƙan biyu daga waje aka zo da shawararsu. Irin wannan aiki yana da wa'adi: masana su zo da rani, su ɗauki 'yan ƙauye aikin lebura, kuɗi su ƙare, kowa ya kama gabansa. Alhali kuwa ɗaruruwan shekarun da tsibin suka yi ba a taɓa su ba, ba wata doka ce ta tsare su ba. Kwarjinin da suke da shi a idon manoman da ke kewaye da su ne ya hana fartanya hawa kansu.

Inda wannan kwarjini ya raunana, an ga abin da ya biyo baya. A shekarun 1990 dillalai suka riƙa biyan talakawa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna tono mutum-mutumin yumɓu a ƙasashen Nok da Sakkwato da Katsina, har a shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. Dillali ya biya manomi, hukuma ba ta biya shi ba.

Saboda haka kuɗin da ya fi amfani a irin wannan wuri ƙanƙane ne, amma mai ɗorewa: albashin mai gadi ɗan garin, da diyyar wanda kushewa ta faɗa a gonarsa, da horar da malaman firamare su ɗauki bayanin tsofaffi a rubuce da Hausa. Kasafin ƙaramar hukuma zai iya ɗaukar wannan, in dagaci da masu unguwa suka shiga cikin masu riƙe asusun, sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya kula da ingancin aikin.