Bindigar Zauren Kawu

A wani gida da ke daf da Ƙofar Doka, ta hannun hanyar Tudun Wada, akwai wata tsohuwar bindiga mai baki biyu da kawuna yake rataye da ita a zaure tun ina yaro. Labarin da muka taso muka tarar shi ne, kakanmu ya riƙe ta a cikin 'yan bindigar Sarkin Zazzau Yero. Labarin ba shi da nisa da gaskiyar tarihi, domin M.G. Smith, a littafinsa na 1960 a kan sarautar Zazzau, ya nuna cewa Yero, wanda ya rasu a 1897, ya tara rundunar bayi masu bindiga. To amma wannan bindigar ce? Abin da ya hana ni sakat ke nan.

Farkon abin da ya sa ni shakka shi ne, ba ta baki ake ɗura ta ba irin ta adaka. Karya ta ake yi a tsakiya a sa harsashi. Ga shi kuwa yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasal a 1890 ta ƙuntata sayar da bindigogin zamani a wannan yanki na Afirka. Duk da haka ba hujja ba ce, don fataken da ke bi ta Nupe da Lakwaja ba kullum suke tambayar doka ba.

Sai na roƙi Kawu ya bar ni in cire katakon da ke ƙarƙashin bakunan. Ya daɗe bai amsa ba. Da na goge tsatsa da kananzir, sai ga tambura ƙanana kamar sawun tururuwa. A ƙasashen Turai da dama ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da albarushi fiye da kima. In ba ta fashe ba a buga mata hatimi. Bamingam ta Ingila tana da irin wannan gida tun 1813. Tamu kuwa haruffan ELG ne a cikin da'ira mai siffar ƙwai, watau hatimin garin Liyej na Beljiyam, da kambi a bisansa. Kambin nan a 1893 aka fara sa shi. Raina ya yi fari, na ce ashe ta iya riskar Yero da shekara huɗu.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Gefe guda akwai lambobin girman baki da tsawon harsashi, zagaye da wata alama kamar takalmin doki a kwance. Wannan kuwa sai a 1924 aka soma buga ta, shekara 22 bayan Turawa sun shigo Zariya.

Ni dai a ganina kakanmu yana iya zama ɗan bindigar Yero, amma da wata bindigar dabam. Wannan daga baya ta shigo gida, labarin ya manne mata. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, a gafarce ni, ƙarfen nan bai ga Yero ba." Ya karɓa ya juya ta, ya dubi tamburan da kyau, ya ce, "To, ɗana, kai ka sani da Turawanka." Ya miƙe ya mayar da ita ƙusarta.