Daga Dafin Borgu Zuwa Ƙanƙarar Sub-Zero

A shekarar 1894 kamfanin Royal Niger ya turo Kyaftin Lugard ƙasar Borgu, ya yi tsere da Faransawa zuwa fadar Nikki, kudu da nan Malanville. A hanyarsa ta komawa maharban Borgu suka tare shi, kibiya ta same shi a ka. Abin da ya tayar wa mutanensa da hankali shi ne dafin da ke bakinta, domin maharban yankin nan sun daɗe suna dafa dafi daga tsiro irin su kwankwani. Sara da suka aikinsu nan take ne, dafi kuwa ko an zare kibiya yana ci gaba da nasa. Lugard dai ya sha da kyar.

Wannan tsohuwar dabarar yaƙi ita ce yaranmu ke bugawa yau a shagunan gem da wayoyin hannu. A wasannin faɗa na bidiyo akwai bugun da ke rage rai sau ɗaya, akwai kuma wanda ke barin larura a jiki. Larurar iri uku ce: mai cin rai a hankali kamar dafi da ƙuna, mai hana motsi kamar jiri da daskarewa, da mai rage ƙarfi ko sauri. Kowace da lokacin da aka ɗibar mata.

Asalin tsarin a takarda yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur. Idan dafi ya taɓa ɗan wasa sai ya jefa ƙwayar lido, lambar da ta fito ta yanke masa hukuncin tsira ko mutuwa. Da wasannin Japan irin su Final Fantasy na 1987 suka ɗauki tsarin, faɗan bi da bi ne, mutum na da sararin tunani da shan makari.

Matsala ta taso da aka zo faɗan gaba da gaba, inda hannu ba ya hutawa. Wanda aka hana motsi ya zama ɗan kallo, alhali da kuɗinsa ya zauna. Dole masu ƙira suka nemo hanyar adalci. A Street Fighter II na kamfanin Capcom, 1991, jiri ba ya zuwa haka kawai: injin yana ƙirga dukan da aka jera maka a ɓoye, in ya kai iyaka sai taurari su zagaye kanka, kamar ɗan damben da ya sha bugu a kunne. Kana iya gaggauta farfaɗowa ta hanyar danna maɓallai. A Mortal Kombat na 1992, Sub-Zero na daskarar da abokin gaba, amma in ya sake jefa ƙanƙara kan wanda ya riga ya daskare, sai ta dawo kansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Daga baya Monster Hunter na 2004 ya sa dodo yana ƙara juriya duk lokacin da dafi ko barci ya kama shi, yadda na biyu ya fi na farko wuyar samu. Dark Souls na 2011 kuma ya fito da ma'aunin fili, kana ganin dafi na taruwa kafin ya kama ka, ka zaɓi ja da baya ko ci gaba.

Maharbin Borgu yana haɗa dafinsa don kada wanda ya harba ya tashi. Mai ƙirar wasa kuwa yana bukatar wanda aka kayar ya samu damar ramuwa, in ba haka ba gobe ba zai dawo shagon ba.