Itatuwan Maganin Kumburi da Sankara a Ƙasar Madarunfa: Inda Hujjar Kimiyya Ta Tsaya

Ƙasar Madarunfa, a kudancin jihar Maradi, na cikin yankunan Nijar da suka fi samun ruwan sama. Albarkacin dajin Baban Rafi da fadamar Gulbin Maradi, har yanzu akwai marke da ƙirya da sabara da yawa, abin da ya yi ƙaranci can arewa. Daga nan masu maganin gargajiya ke samo sassaƙe da saiwa, sauran kuma su shigo da su ta kasuwannin kan iyaka kamar Jibiya. Masanin tsirrai Adjanohoun da abokan aikinsa sun tattara yawancin tsirran nan cikin littafinsu na 1980 kan magungunan gargajiyar Nijar.

A fannin kumburi, hujjar tana da ƙwari. Saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, Securidaca longepedunculata a ilimin tsirrai, da zarar an kankare ta sai ta tashi da ƙamshin man zafi. Dalili kuwa tana ɗauke da sinadarin methyl salicylate, ɗan uwan asfirin, don haka shafa ta a gwiwar mai amosanin gaɓɓai ba camfi ba ne. Sai dai saiwar na da dafi idan aka sha ta fiye da kima. Hano, mai ɓawo da ke saluɓewa kamar takarda, dangin Boswellia ne, kuma an tabbatar cewa ƙaron ɗan uwansa na Indiya, Boswellia serrata, yana danne wani sinadarin jiki da ke hura wutar kumburi. Sassaƙen marke da 'ya'yan bagaruwa cike suke da tanin, mai ɗaure baki, wanda ke tsotse ruwan miki ya rage raɗaɗi.

Sankara kuwa wani zance ne dabam. Gwajin da aka yi wa gwandar daji da sabara da aduwa ya nuna ruwansu na kashe ƙwayoyin sankara a cikin kwanon gwaji. Wannan mataki ne na farko kawai, domin abubuwa da dama kan kashe ƙwaya a kwano amma su gaza a jikin mutum, ko su lalata hanta da ƙoda kafin su kai ga ciwon. Vincristine, da aka samo daga wani furen Madagaska, da taxol, daga ɓawon wani itacen Amurka, sun shafe shekaru ana tacewa da auna su kafin su shiga asibiti. Ga kuma matsalar tantancewa: mai magani kan ga mikin da ya ƙi warkewa ya ce daji ne, in ya warke a ɗauka an kashe sankara, alhali ba a taɓa duba naman a asibiti ba.

Jiƙo ma ba shi da ma'auni tsayayye. Ƙarfinsa na sauyawa da shekarun itacen, da lokacin sassaƙa, da daɗewarsa a tukunya. Nan ne aikin masu bincike na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi zai fi tasiri. Buƙatar kuma a fili take: cibiyar gashin sankara ta farko a Nijar sai a 2021 ta fara aiki a Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maradi, kuma mai kumburin nono a ƙauyen Madarunfa mai magani take fara gani kafin likita.