Daga Fadar Sarki Zuwa Kotun Shari'a: Tarihin Rabon Gado a Ƙasar Hausa

Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙ akwai cin dukiyar mamaci. Mutum zai rasu, fada ta kwashe abin da ya bari, marayu suna ji suna gani. Bayan jihadin 1804, rabon gado ya koma hannun alƙalai, masu hukunci da littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar Halil.

Tsarin da alƙali ke bi a wancan zamani a bayyane yake. Da fari a cire kuɗin likkafani da jana'iza, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya, muddin ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ne na magada. Akan baje kayan mamaci a gaban shaidu, daga riguna da tukwane har takobi da sirdi, dillalai su yi musu kuɗi, muhuti yana rubutawa. Matar mamaci ta karɓi tumunin takaba in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. Alƙali kuwa ya ɗauki ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, ladan aikinsa.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, ba su rushe wannan tsari ba. Amma da aka kafa baitulmali a masarautu wajen 1911, sai aka yanka wa alƙalai albashi, ushira ta koma asusun En'e, wato hukumar gargajiya. A 1960 aka buɗe Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962, sai magajin da aka tauye ya sami inda zai kai kuka. A 1968 kuma kotunan suka fita daga hannun sarakuna, suka koma ƙarƙashin gwamnatocin jihohi.

Yau barazanar ta fi fitowa daga cikin gida. Sai babban wa ya riƙe gona ko kanti shekara da shekaru da sunan haɗin kan zuri'a, mata su yi kawaici, har wasu magadan su rasu, gado ya hau kan gado. Duk wahalar da aka sha wajen gina waɗannan kotuna ba zai amfani maraya ba sai dangi sun raba haƙƙi da wuri, a rubuce, a gaban shaidu.