Wa Zai Riƙe Makullin Mangaza?

Ƴan uwa, kun ji a taron da ya wuce mai tsaron mangazar cimaka ya aje makulli gaban kwamiti, ya ce ya gaji, kuma har yau ba a samu wanda ya ɗauka ba. Kafin mu zarge shi, ya kamata mu waiwaya baya mu ga inda wannan aiki ya samo asali a ƙasar Gure.

Tanadin hatsi dai ba baƙon abu ba ne a Muniyo da Kutus. Kowane maigida yana da rumbunsa, kuma mai hankali ba ya taɓa na bara sai ya ga na bana ya nuna. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, ita ta nuna rumbun gida kaɗai ba ya isa in fari ya game ƙasa. Bayan fara ta cinye gonaki aka sake shiga yunwa a 1931, sai Nasaran Faransa suka matsa wa talakawa da rumbun dole. Kowane gida ya kawo rabonsa da kaka, a tara wuri guda, ba a buɗewa sai da iznin kumandan. Tsofaffinmu ba su taɓa tuna wannan rumbu da alheri ba. Hatsin nasu ne, ikon na wani ne, kuma mai gari shi ke shan zagi daga ƙasa, ya sha tsawa daga sama. Da mulkin mallaka ya kau a 1960, ba wanda ya yi kukan rumbun.

A 1970 gwamnati ta kafa OPVN don sayen cimaka da ajiyarta. Sai ga farin 1973 da 1974, dabbobi suka ƙare, taimako ya zo amma bai kai bakin mabukata yadda ya kamata ba, abin da ya zama ɗaya daga dalilan da soja suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Shekara goma bayan haka, a 1984, ruwa ya sake ɗaukewa, Najeriya kuma ta rufe iyaka, shi ya sa aka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Mu da muka saba jingina da kasuwannin Nguru da Gashuwa mun ji a jikinmu. Daga Damagaram zuwa Gure kilomita wajen 160 ne, daga Gure zuwa ƙauye kuma sai rairayi, wanda babbar mota ba ta so. A waɗannan shekaru ne dabarar bankin cimaka, wadda aka fara a Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta bazu cikin ƙauyukan Nijar.

Tsarin ba shi da wuyar faɗi. A sayi hatsi da kaka yana araha, a kulle, a fito da shi da damina lokacin da rumbuna suka yi fayau ga noma ya kama, a sayar ƙasa da farashin kasuwa, a sake saye da kuɗin. Masu kawo taimako su gina mangaza, su zuba buhuna, su tafi. Abin da ba su bari ba shi ne ladan mai aiki.

To, ku dubi ranar mai makulli. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne a lissafi, amma sai ya auna ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon hannunsa. Ya cika ta yi tozo, buhu ya kasa; ya shafe baki, a ce ya yi rowa. Ɓera da gara da ƙwaro su ci nasu, a ƙarshen shekara a tambaye shi. Ranar awo kuwa ranar noma ce, gonarsa na can ciyawa na cinta. Mafi nauyi shi ne bashi. Gwaggonsa ta zo da ƙwarya da magariba, yara ba su ci ba, ta yaya zai ce mata doka ta hana? Ya ba ta, kaka ta zo ba a samu ba, kaye ya cika da sunaye, mangaza ta zama wofi. Bankuna da yawa ta nan suka mutu, ba ta hanyar sata ba, ko da yake ita ma ba mu ce babu ba.

Ga kuma maganar rubutu. Yaran da suka yi lakkol, waɗanda suka iya riƙe kaye, su ne na farkon tafiya cin rani Najeriya ko Libiya. Sau da yawa malamin allo ne ya cece mu da ajami. Bayan wahalar 2005, wadda fara da ƙarancin ruwan 2004 suka jawo, an ga wurare da dama sun danƙa wa mata kwamiti, don su ba sa tafiya cin rani, kuma mun lura sun fi mu iya bin bashi.

Mu a ganinmu, a ware wa mai makulli ladansa daga ribar kowane buhu, a kuma sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya wurinsa, ɗaya wurin mata, don ya samu abin faɗa wa gwaggonsa. Za a kawo maganar a taro mai zuwa, bayan sallar la'asar, kuma muna roƙon masu bashin bara su zo da abin da ya sauƙaƙa.