Ruwan famfo ma yakan koma da baya

A shekarar 1933 birnin Shikago na Amurka ya cika maƙil da baƙi, ana baje kolin duniya na cikar birnin shekara ɗari. Aka sha kallo, kowa ya kama hanyar gida. Can sai atini ya soma kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Da yake cutar kan yi makonni a ciki kafin ta bayyana, likitocin garuruwansu ba su gane daga wuri ɗaya aka kwaso ta ba, har aka yi wa wasu tiyata bisa zaton wani ciwon cikin ne daban.

Da aka bi sawu, sai aka tarar yawancinsu sun sauka a otal biyu, Congress da Auditorium. Bututun bahaya ne ke ɗiga cikin tankin sanyaya ruwan sha, ga kuma wuraren da aka haɗa layin ruwa mai tsabta da na ƙazanta. Fiye da mutum 1,400 suka kamu, 98 suka rasu. Shugaban hukumar lafiya ta birnin, Herman Bundesen, ya sha suka, domin bai sanar da jama'a ba sai da baje kolin ya zo ƙarshe a watan Nuwamba.

Abin da masu gyaran famfo suka daɗe da sani, sai a lokacin ya shiga kunnen mahukunta sosai. Ƙarfin turi ne ke kai ruwa gida. In babban bututu ya fashe, ko 'yan kwana-kwana suka ja ruwa da yawa, turin ya faɗi, sai bututun ya koma zuƙa. Duk abin da bakin tiyo ke ciki, duro ne ko kwata, haɗiye shi zai yi ya kai wa maƙwabta. Wanda ya taɓa jin famfo na shaƙar iska bayan an ɗauke ruwa ya san wannan zuƙar.

A 1944 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta kafa cibiyar gwada na'urorin hana ruwa komawa baya, bayan da aka sami ruwan teku a layin ruwan sha a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Sannu a hankali birane suka tsaurara: ba a jan ruwa sai da izini, ba a haɗa rijiyar gida da layin gari, asibitoci da masana'antu kuma sai sun sa bawul da ake dubawa duk shekara. Mafi arha cikin dokokin ita ce a bar rata tsakanin bakin famfo da abin da yake zuba wa ruwa, aƙalla ninki biyu na faɗin bututun.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. A 1969 wata gobara a birnin Worcester na Amurka ta rage ƙarfin ruwa, famfunan ban ruwa na filin atisayen kwalejin Holy Cross suka zuƙe gurɓataccen ruwan da ya kwanta a kansu. Mutum 90 cikin 97 na ƙungiyar ƙwallon kwalejin suka kamu da ciwon hanta, aka soke wasanninsu bayan sun buga biyu kacal. Shekara biyar bayan haka, a 1974, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tsabtar ruwan sha ta ƙasa baki ɗaya.